Inji Ba Ya Cin Kasuwa Shi Kaɗai: Darasi Daga Na'urorin Gem

Duk ma'aikacin da ya taɓa tsayawa gaban injin narka roba a Sharada ko Bompai ya san cewa injin nan, komai girmansa da tsadarsa, ba ya fitar da ko cokali ɗaya sai an ɗaura masa ƙirar ƙarfe. In ta bokiti aka ɗaura, bokiti ne zai fito. In ta buta ce, sai buta. Sau da yawa kuwa ba kamfanin da ya ƙera injin ne ke ƙera ta ba, aikin wasu ne dabam. Ran da aka rasa masu wannan aiki, injin ya zama tarin ƙarfe a cikin ɗaki.

Mun kawo wannan misali ne saboda wani ƙaramin inji da ya daɗe da shiga gidajenmu, watau na'urar wasa da ake haɗawa da talabijin, wadda yara ke kira gem. Akwai iyayen da ke tara kuɗi wata da watanni domin su saya wa 'ya'yansu ita a ƙarshen shekara. Akwai kuma 'yan'uwanmu da aka sallama daga masana'antun Challawa da Sharada, suka ɗauki ɗan kuɗin sallamarsu suka buɗe gidan gem a Sabon Gari ko Brigade, daga nan suke ci da iyali. Ga irin waɗannan mutane, zaɓen na'urar da za a saya ba wasa ba ne. Tarihin wannan ciniki na kusan shekara 50 ya nuna abu ɗaya a fili: ba ƙarfin na'ura ne ke sa ta ci kasuwa ba, sai dai yawan kamfanonin waje da suka yarda su yi mata wasanni.

Yadda cinikin yake

Kamfanin da ke ƙera na'ura, kamar Sony ko Nintendo, yakan yi wasu wasanni da kansa. Amma komai ƙoƙarinsa, ba zai iya yin waɗanda za su ishi jama'a ba, gama wasa ɗaya mai kyau kan ci shekaru ana aikinsa. Saboda haka yakan ba wasu kamfanoni izni su yi wasanni su sayar, shi kuma ya karɓi la'ada a kan kowane kaset ko faifai. Sau da yawa ma akan sayar da na'urar da riba kaɗan, ko a faɗi a kanta, da begen la'adar nan za ta mayar da kuɗi.

A nan ne abin yake da wuya. Mai saye ba zai sayi na'urar da ba ta da wasanni ba, masu yin wasanni kuma ba za su zuba dukiyarsu a kan na'urar da ba ta da masu saye ba. Kamar tashar mota ce: fasinja na zuwa inda motoci suke, direbobi kuma na zuwa inda fasinja suke. Tashar da ta fara cika sai ta ƙara cika, wadda ta fara bushewa kuwa sai ciyawa ta tsiro a cikinta.

Atari: ƙofa a buɗe, ba mai gadi

Kamfanin Atari na Amurka ya fitar da na'urarsa mai suna 2600 a 1977. Da fari shi kaɗai ke yi mata wasanni. A 1979 sai ma'aikatansa huɗu, cikinsu har da David Crane, suka ga wasannin da suka tsara suna kawo wa kamfani miliyoyin daloli, su kuwa albashi kawai suke samu, ko sunansu ba a rubutawa a jikin kaset. Suka ajiye aiki suka kafa Activision, kamfanin waje na farko da ya yi wa na'urar wani wasanni. Atari ya kai su ƙara, daga baya aka sasanta a kan za su riƙa biyan la'ada.

Wasannin Activision sun ƙara wa na'urar Atari farin jini ƙwarai. Amma da wasu suka ga akwai kuɗi, sai kowa ya shigo, wanda ya iya da wanda bai iya ba. Kantuna suka cika da wasanni marasa kan gado, iyaye suka gaji da sayen abin da yaro zai jefar bayan kwana biyu. A 1983 kasuwar ta rushe a Amurka. A shekarar ce Atari ya kwashi dubban ɗaruruwan kaset da suka yi kwantai ya binne a jujin garin Alamogordo a jihar New Mexico. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai da aka tone wurin a 2014 aka same su.

Nintendo: mai gadi mai tsanani

A watan Yuli na 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Famicom, wadda ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES. Shugabansa Hiroshi Yamauchi ya ga abin da ya sami Atari, sai ya ɗauki matakin riga-kafi. A cikin na'urar da aka kai Amurka an sa wani makulli na lantarki, wanda ba ya barin kaset ya yi aiki sai na wanda ya sami izni. Aka ƙayyade wa kowane kamfanin waje wasa biyar a shekara. Wasan da ya fito a kan NES ba a yarda a kai shi na'urar wani ba sai bayan shekara biyu. Bugu da ƙari, Nintendo ne ke buga kaset ɗin, mai wasa kuma ya biya tun kafin ya ga kayansa; in an sayar ya ci riba, in an yi kwantai asararsa ce shi kaɗai.

Duk da tsananin nan kamfanoni sun yi layi, domin masu saye suna can. Namco da Hudson suka shigo tun 1984, Konami da Capcom suka biyo baya. Enix ya fitar da Dragon Quest a 1986, Square ya fitar da Final Fantasy a 1987. An sayar da na'urar fiye da miliyan 60 a duniya. Amma biyayyar dole ba ƙauna ba ce. Masu yin wasanni sun haƙura ne kawai saboda ba su da wata tasha.

Sega ya buɗe wata ƙofa da na'urarsa Mega Drive, wadda ta fito a 1988. Kamfanin Electronic Arts na Amurka, wanda ake kira EA a taƙaice, ya sami sharuɗɗa masu sauƙi a wurin Sega, ya kawo wasannin motsa jiki. A kan Mega Drive ne wasan ƙwallon FIFA na farko ya fito a ƙarshen 1993.

Sony ya zo da faifai

Sony bai taɓa sayar da na'urar gem ba kafin ran 3 ga Disamba 1994, sa'ad da PlayStation ta fito a Japan. Ba shi da Mario, ba shi da Sonic, ba shi da wani tauraro na kansa. Abin da ya yi shi ne ya bi masu yin wasanni ya tambaye su abin da ke damunsu. Ya ba su faifan CD, wanda buga shi ba ya da tsada, ana kuma gama shi cikin 'yan kwanaki. Mai wasa na iya buga kaɗan ya gwada kasuwa, in an saya ya ƙaro. Kaset kuwa sai an jira makonni da yawa, ga shi da tsada. Har wa yau faifai ɗaya na ɗaukar abin da ya ninka kaset mafi girma na Nintendo 64 kusan sau goma.

Nintendo 64 ta fito a 1996, kuma ta wasu fuskoki ta fi PlayStation ƙarfi, amma Nintendo ya nace wa kaset. Square, wanda ya yi shekaru yana tare da Nintendo, ya tattara ya koma Sony, ya fitar da Final Fantasy VII a watan Janairu na 1997 a kan faifai uku. Enix ma ya kai Dragon Quest can. A ƙarshe PlayStation ta sami wasanni dubbai, Nintendo 64 ba ta kai 400 ba. An sayar da PlayStation fiye da miliyan 100, Nintendo 64 kuwa wajen miliyan 33. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Sony ya shimfiɗa duka biyu.

Waɗanda aka guje wa

Labarin Dreamcast ya fi ban tausayi. Sega ya fitar da ita a Japan a 1998, a Amurka kuma ran 9 ga Satumba 1999. Masana sun yaba mata, waɗanda suka saya sun ji daɗinta. Amma EA ya ƙi yi mata ko wasa ɗaya, saboda haka babu FIFA a kanta. Square ma bai leƙo ba. Da PlayStation 2 ta fito a 2000, sauran kamfanoni suka karkata can. A watan Maris na 2001 Sega ya daina ƙera Dreamcast, bayan an sayar da wajen miliyan 9 kacal. Daga nan ya bar ƙera na'ura ɗungum, ya koma yi wa tsofaffin abokan hamayyarsa wasanni. PlayStation 2 kuwa ta wuce miliyan 150.

Nintendo ma ya sake ɗanɗana wannan da Wii U ta 2012. Da ciniki ya yi sanyi a watannin farko, kamfanonin waje suka janye, janyewarsu kuma ta ƙara kashe cinikin. FIFA sau ɗaya tak ya fito a kanta. Ba a sayar da miliyan 14 ba har aka daina ta. Da Switch ta zo a 2017, Nintendo ya sauƙaƙa wa manya da ƙananan masu yin wasanni hanya, ya haɗa da nasa wasannin masu farin jini, aka sayar da fiye da miliyan 140.

Domin a ga darajar da masu yin wasanni suka kai, a watan Oktoba na 2023 Microsoft, mai na'urar Xbox, ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kuɗi kusan dala biliyan 69. Activision ɗin nan dai shi ne wanda ma'aikata huɗu suka kafa saboda an hana su haƙƙinsu. Hukumomi a Amurka da Ingila da Turai sun daɗe suna bincike kafin cinikin ya tabbata, kuma Microsoft ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 cewa ba zai janye wasan Call of Duty daga PlayStation ba. Wasa ɗaya ke nan, amma gwamnatoci sun san yana iya karkatar da kasuwa baki ɗaya.

Abin da muka gani a Kano

Mu ma shaida ne. A shekarun 1990 kasuwar Sabon Gari ta cika da kwaikwayon Famicom da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, masu rawayen kaset da ake rubuta wa wasanni dubbai a jiki alhali ba su fi 'yan kaɗan ba. Wasannin da yara suka fi so a ciki, ban da Mario, akasari na kamfanonin waje ne: Contra na Konami ne, wasan tankokin yaƙi kuwa na Namco.

Da PlayStation ta iso, ƙwallo ce ta sayar da ita. Nijeriya ta je gasar cin kofin duniya a 1994, ta ci zinariya a Atlanta a 1996, kowane yaro na so ya zama Kanu ko Okocha. Wasan Winning Eleven na Konami, wanda daga baya aka sani da Pro Evolution Soccer, shi ne ya cika gidajen gem. Waɗanda suka yi zamanin ba za su manta da gudun Tijjani Babangida a cikinsa ba, ɗan Kaduna da ya yi wa Ajax wasa, wanda ko a Japan da Kudancin Amurka masu gem sun san sunansa saboda wannan gudu. Mai gidan gem ba ya tambayar ƙarfin na'ura. Tambayarsa ita ce, akwai ƙwallo a kanta? Wanda ya sayi Dreamcast domin haya a lokacin, da wuya ya mayar da kuɗinsa.

Haka abin ya kasance da bidiyo. Sony ya fitar da Betamax a 1975, JVC ya fitar da VHS a 1976. JVC ya ba kamfanoni da yawa izni su ƙera irin nasa, masu fina-finai da masu ba da haya suka bi inda jama'a suke, har Sony da kansa ya fara ƙera VHS a 1988. A Kano kuma, abin da ya shigar da bidiyo lungu-lungu shi ne fim na Hausa. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, kafin shekara goma ta cika 'yan kaset na Ƙofar Wambai da Bata sun zama manyan 'yan kasuwa. Masu ƙera bidiyo a Japan ba su san da 'yan wasan Kano ba, amma 'yan wasan nan sun sayar musu da kaya. A baya-bayan nan ma, 'yan kasuwar waya na Farm Centre sun ga yadda BlackBerry da Lumia suka zama kwantai sa'ad da masu yin manhajoji irin su WhatsApp suka daina kula da su.

Akwai wani ɓangare da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. Yawancin faya-fayan gem da suka yi yawo a kasuwanninmu na satar fasaha ne, ko kwabo bai koma hannun waɗanda suka yi wahalar tsara su ba. Kamfanin da ba ya ganin kuɗi daga wata ƙasa kuwa ba zai yi wasa domin mutanenta ba, balle ya sa harshensu a ciki. Wannan cuta ce ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan fina-finan Hausa, har masu shirya su suka koma tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Darasi ga Sharada, Challawa da Bompai

Masana'anta ma na'ura ce da ke rayuwa da aikin mutanen waje. Masaƙar zamani ba ta tsayuwa sai da manomin auduga na ƙasar Funtuwa da Gusau, da injin gurza, da mai kawo rini da baƙin mai, da ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai karɓi atamfa, da telan da zai ɗinka. Kamfanin jima na Challawa na dogara ga mahauta da dillalan fata da ke bin kasuwannin ƙauye, yana kuma takara da masu sayen ganda a kan fatar shanu. Kirgin da ya jeme, mafi kyawunsa Italiya da Spain yake tafiya, alhali masu ɗinka takalma na Ƙofar Wambai da na Ariaria a Aba suna neman irinsa.

Kowa ya san manyan dalilan da suka rufe ƙofofi da dama a waɗannan unguwanni: ƙarancin wutar lantarki, faɗuwar darajar naira tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da kwararowar yadi mai araha daga waje. Amma yadda rushewar ta bi daki-daki iri ɗaya ce da ta Dreamcast. Masaƙa ta rage sayen auduga, manomi ya koma masara da waken soya. Da masaƙa ta so farfaɗowa, babu isasshiyar auduga. Ɗan Kwari ya saba da kayan Sin, ya sami wanda ke ba shi bashi a can, ba ya waiwayar na gida. Makanikin da ya ƙware a gyaran injin saƙa ya koma tuƙa A Daidaita Sahu. Ana iya sayo sabon inji cikin wata shida, amma tara irin waɗannan mutane kuma sai an yi shekaru. Duk mai shirin tayar da masana'anta, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, in injin kaɗai ya kalla, ya yi rabin lissafi.

Kamfanonin gem uku sun nuna hanyoyi uku. Atari ya bar ƙofa ba mai gadi, jabu ya kashe kasuwa. Nintendo ya matse abokan cinikinsa, suka gudu ran da suka sami mafita. Sony ya rage musu tsada da haɗarin asara, suka zo da kansu. Manajan da ke riƙe kuɗin mai kawo masa kaya wata uku, ko yake ɗora wa ƙaramin dillali dukan asarar kwantai, ya duba ya ga a wane layi yake.

Kafin a fitar da kuɗi

Ga iyaye da masu niyyar buɗe gidan gem, shawararmu ita ce a fara tambayar wasanni kafin a tambayi na'ura. Waɗanne ne ake samu a nan Kano, nawa ne kuɗinsu, kuma har yanzu ana fitar da sababbi? Akwai mai gyara a kusa, ana samun abin riƙewa in ya lalace? Na'urorin yanzu da yawa suna bukatar intanet domin sauke wasa ko sabunta shi, saboda haka a sa kuɗin data da na man janareta cikin lissafi. A kuma lura sunaye sun sauya: Pro Evolution Soccer ya koma eFootball a 2021, wasan FIFA na EA kuma ya koma EA Sports FC a 2023. Na'urar da aka karya wa farashi ƙwarai, a bincika, wataƙila masu yi mata wasanni ne suka watse. Araha ba ta ado. Iyaye kuma su duba alamar shekaru da ke jikin kwalin wasa, gama ba kowane ne ya dace da yaro ba.

Ga matasanmu masu karatun kwamfuta kuwa, labarin nan albishir ne. Ba sai mutum ya mallaki masana'antar ƙera na'ura ba kafin a dama da shi. Kamfanin Maliyo Games da aka kafa a Legas a 2012 yana yin wasannin waya masu labarin Afirka, Kiro'o Games na Kamaru kuma ya fitar da wasansa Aurion a 2016. Wayar da ke aljihun kowa yanzu ita ce na'urar gem mafi yawa a ƙasar nan, ƙofarta kuma a buɗe take ga duk wanda ya iya. Muna da dara, muna da langa, muna da dambe da kokawa, muna da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ga miliyoyin masu jin Hausa daga Kano har Maraɗi da Kumasi. Abin da ya rage shi ne masu zama su koyi aikin, da kuma jama'ar da za ta yarda ta biya su haƙƙin guminsu.